Brahma Muhurta: Tarihin Lokacin Asuba a Addinin Hindu

Gabatarwa

Mabiya addinin Hindu suna da wani ɗan lokaci a ƙarshen dare wanda suke ganin babu kamarsa wajen tashi daga barci, da zurfin tunani, da sujada. Suna kiransa Brahma muhurta. Idan aka tambayi masu kiyaye shi a yau, da yawa za su ce ƙarfe 4 na asuba ne. Amma littattafan da suka fara umurtar a tashi a cikinsa sun riga agogon Turawa isa Indiya da fiye da shekara 1,000. Marubutansu ba su san wani abu wai shi ƙarfe 4 ba. Daga fitowar rana suke ƙirga shi, su koma baya.

A wannan darasi za mu bi tarihin wannan lokaci tun daga zamanin hadayun wuta har zuwa zamanin jirgin ƙasa da rediyo. Za mu ga cewa lokacin ya daɗe a wuri ɗaya, amma dalilin tashi a cikinsa ya yi ta sauyawa bisa ga wanda yake koyarwa, ko firist ne, ko mai doka, ko likita, ko mawaƙi. A ƙarshe agogo ya zo ya raba shi da rana. Mai hidima yana bukatar wannan tarihi saboda dalili biyu. Na fari, idan za mu yi magana a kan addinin waɗansu, wajibi ne mu faɗi abin da su kansu za su ji su ce haka yake. Na biyu, tarihin yana nuna yadda horon kai yakan rikiɗe ya zama lambar agogo wadda ake jingina wa iko. Inda littattafan Turanci suke rubuta sunayen Indiya da harafin V, mun rubuta su da W, gama ya fi kusa da yadda ake furta su.

Yadda ake lissafa shi

Lissafin Hindu na dā ya raba yini da dare gida 30. Kowane gida shi ake kira muhurta, wato minti 48 a agogonmu. Yini yana da 15, dare ma 15. An kuma raba muhurta biyu, kowane rabi sunansa gatika, minti 24 ke nan, don haka yini da dare suna da gatika 60. Sabon kwana a wurinsu da fitowar rana yake farawa. Yahudawa da faɗuwar rana suke farawa, agogo kuwa da tsakar dare.

Brahma muhurta shi ne na 14 a cikin 15 na dare, wato saura ɗaya dare ya ƙare. Yana farawa sa'a 1 da minti 36 kafin fitowar rana, ya ƙare saura minti 48. Idan rana za ta fito ƙarfe 6:00, lokacin yana tsakanin 4:24 da 5:12. Ana shigarsa da duhu sosai, alfijir ya keto ana cikinsa, a fita gabas ta yi haske amma gari bai gama wayewa ba. Tun da yake rana ba ta fitowa lokaci ɗaya dukan shekara, shi ma yakan motsa. A birnin Delhi rana takan fito wajen ƙarfe 5:23 a watan Yuni, wajen 7:15 kuma a Janairu. Saboda haka Brahma muhurta yana farawa 3:47 a Yuni, amma sai 5:39 a Janairu.

Waɗansu masu lissafi ba sa tsayar da muhurta a kan minti 48. Sukan auna tsawon daren, su raba shi 15. Ta wannan hanya muhurtan dare a Delhi yakan kai kusan minti 55 a Disamba, ya ragu zuwa wajen 40 a Yuni. Akwai kuma littattafan da suka faɗaɗa sunan har ya game dukan rubu'in dare na ƙarshe, wajen sa'a 3.

Sunan kansa yana bukatar bayani. A tsoffin littattafansu, brahman ita ce kalma mai tsarki ta Weda da ikon da yake cikinta. Daga baya masu falsafa suka ɗauki kalmar domin ainihin da suke cewa kome daga gare shi yake. Akwai kuma Brahma, allahn halitta wanda ake siffanta shi da fuska 4. Masu bayani sukan fassara Brahma muhurta ta hanyoyin nan duka: lokacin karatun Weda, ko lokacin sanin ainihi, ko lokacin mahalicci. Kada mu rikita waɗannan da Brahmin, wato ajin firistoci, ko da yake tushen kalmomin ɗaya ne.

Firistocin hadaya

Rigweda shi ne mafi tsufa a littattafan Hindu. Masana suna sa shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1000 kafin haihuwar Almasihu. Kalmar muhurta tana cikinsa, amma ma'anarta a can ɗan lokaci ne kawai, ba a tsayar masa da tsawo ba. Abin da ya bayyana sarai shi ne girman da ake ba asuba. Wajen waƙoƙi 20 na littafin an yi su ne domin Ushas, allahiyar alfijir. A babbar hadayar soma, firist yakan fara karatun safiya tun dare yana da saura, kafin tsuntsaye su fara kuka, yana kira ga Agni allahn wuta, da Ushas, da tagwayen alloli da ake kira Ashwin.

Hadayar kullum ita ce agnihotra, wato zuba madara a wuta da yamma da kuma da safe. A kanta firistoci suka yi gardama mai tsawo: ta safe, kafin rana ta fito za a zuba, ko bayan ta fito? Littafin Aitareya Brahmana ya goyi bayan a jira fitowarta, waɗansu makarantu suka ce a riga ta. Gardamar tana da nauyi a wurinsu, domin sun ɗauka hadayar tana da hannu a tafiyar duniya. Littafin Shatapata Brahmana ya koyar cewa da ba domin hadayar safe ba, da rana ba ta fito ba.

A cikin irin waɗannan littattafai ne muhurta ya sami tsayayyen lissafi. Shatapata Brahmana ya ƙirga kwana 360 a shekara, kowanne da muhurta 30, jimla 10,800. Ya kuma ce tubalan cike da ake jerawa a babban bagaden wuta 10,800 ne, domin bagaden siffar shekara ne. Taittiriya Brahmana ya ba muhurtan yini da na dare sunaye ɗaya ɗaya. Daga baya aka sami Wedanga Jyotisha, ɗan littafin lissafin taurari wanda ake jingina wa Lagada, aikinsa shi ne tsayar da lokatan hadaya. Ya ce yini mafi tsawo muhurta 18 ne, mafi gajarta 12. Wannan ya yi daidai da arewa maso yammacin ƙasar, wajen Kashmir da kewaye.

Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani nauyin asuba yana kan aikin hadaya. Firist yana tashi domin akwai wutar da za a kula da ita, da kalmomin da dole a faɗa a daidai lokacinsu.

Mai doka da sarki

Umurnin a tashi a Brahma muhurta ya fito fili a littattafan doka. Mafi shahara shi ne Dokokin Manu, wanda masana suke sa shi tsakanin ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu da ƙarni na 3 bayanta. A babi na 4 an umurci mai gida ya farka a wannan lokaci, ya yi tunani a kan abu huɗu: darma, wato wajibinsa na addini da na zaman jama'a, arta, wato abin zaman gari da dukiya, wahalar da jiki zai sha wajen neman waɗannan biyu, da kuma ainihin ma'anar Weda. Littafin dokar Yajnawalkya ya ba da umurni makamancin wannan, ya ce mutum ya tashi ya yi tunanin abin da zai amfane shi.

Mu lura da abin da aka ce a yi. Ba a ce ya kau da dukan tunani daga zuciyarsa ba, kamar yadda waɗansu masu koyar da yoga suke faɗa a yau. An ce ya auna yinin da yake gabansa: me ya wajaba a kansa, ta ina abinci zai fito, jikinsa kuma zai iya ɗauka? Bayan haka sai ya zaga, ya yi tsarki, ya tsaya yana maimaita addu'ar Gayatri har rana ta bayyana. Wannan sujada ta mahaɗar dare da yini ita ake kira sandya. Ke nan Brahma muhurta shiri ne domin sujadar da take biye da shi.

Dole mu tambaya, wa aka yi wa wannan umurni? An yi shi ne ga maza na azuzuwa uku na sama, waɗanda aka rataya wa zaren tsarki, ake kiransu masu haihuwa biyu. Babi na 4 ya fi fuskantar Brahmin mai gida. Mata da 'yan ajin Shudra, dokar ba ta ba su karatun Weda ba. Littafin ya ma ce wanda ya bar sujadar safe da ta yamma, a ware shi daga ayyukan masu haihuwa biyu kamar Shudra. Ashe tashin asuba a nan har da alamar matsayi a cikinsa.

Sarakuna ma an tsara musu daren. Artashastra, littafin mulki wanda ake jingina wa Kautilya, ya raba dare gida 8, kowanne sa'a 1 da rabi. Sarki ya kwanta a na 3, ya yi barci a na 4 da na 5, a tashe shi da bushe-bushe a na 6 ya yi tunanin koyarwar littattafai da ayyukan yini. A na 7 ya duba shawarwari, ya aiki 'yan leƙen asiri. A na 8, wanda ya zo kusan daidai da lokacin da muke magana a kai, ya karɓi albarkar firistoci, ya gana da likitansa, da shugaban masu dafa abinci, da mai duban taurari.

Kafin ƙarni na 5 lokacin ya riga ya zama sananne a matsayin mai albarka. Mawaƙi Kalidasa, a cikin Raguwamsha, ya ba da labarin ɗan sarki da aka haifa a Brahma muhurta, saboda haka ubansa ya raɗa masa suna Aja, ɗaya daga cikin sunayen Brahma.

Likita

Wajen ƙarni na 7, likita Wagbata ya rubuta Ashtanga Hridaya, ɗaya daga cikin manyan littattafan maganin Indiya da ake kira Ayurweda. Babinsa na 2 yana magana a kan tsarin yini, ya kuma fara da cewa mai lafiya ya tashi a Brahma muhurta domin kiyaye ransa. Daga nan ya wuce zuwa goge haƙori da asuwaki, da shafa mai, da motsa jiki, da wanka. Dalilin ya sauya. Mai doka ya ce a tashi saboda wajibi, likita ya ce saboda tsawon rai.

Abu biyu muke so a riƙe. Na ɗaya, Wagbata ya sa sharaɗi: mai lafiya. Littafin da yake ɗan'uwan wannan, Ashtanga Sangraha, ya ƙara cewa mutum ya duba ko abincin daren jiya ya narke. Likitocin ba su ɗora wa marar lafiya wannan nauyi ba. Na biyu, masu sharhin littafin sun taimaka wajen tsayar da lissafin. Arunadatta, wanda ya yi sharhi wajen ƙarni na 13, ya bayyana cewa muhurta na 14 na dare ake nufi. Wannan shi ne ma'aunin da yawancin kalandun Hindu suke bi har yau.

Malaman baya sun haɗa wannan da koyarwar halaye uku da suke cewa kome yana da su: sattwa, wato haske da natsuwa, rajas, wato zafin motsi, tamas, wato duhu da nauyi. Suka ce a ƙarshen dare nauyin barci ya ragu, hayaniyar yini ba ta fara ba, sai natsuwa ta rinjaya.

Masu waƙar ƙauna

Babban sauyi ya zo tare da bakti, wato hanyar ƙauna da miƙa kai ga allah ɗaya da mutum ya zaɓa, yawanci Wishnu, ko Shiwa, ko Allahiya. Ta yi ƙarfi a ƙasar Tamil, kudancin Indiya, tun wajen ƙarni na 6, ta bazu zuwa arewa. A haikalinsu ana hidimar siffar allahn kamar yadda ake hidimar sarki: a kwantar da shi da dare, a tashe shi da waƙa, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a kawo abinci. Sai ma'anar asuba ta juya. Mai sujada yana tashi domin ya kasance a ƙofa sa'ad da za a tashi wanda yake ƙauna.

Littafin Bagawata Purana, na wajen ƙarni na 9 ko na 10, ya nuna Krishna kansa yana tashi a Brahma muhurta, ya taɓa ruwa, ya yi zurfin tunani. Ta haka al'adar ta zama koyi da allahn.

Misali mafi kyau shi ne Andal, mace ɗaya tak a cikin mawaƙa 12 na Wishnu da ake kira Alwar. Ta rayu a Siriwilliputtur wajen ƙarni na 8 ko na 9. Waƙarta, Tiruppawai, baiti 30 ce, tana ba da labarin 'yan mata suna bi gida gida kafin gari ya waye, suna tashin juna, su je wanka, sa'an nan su je su tashi Krishna. Ana rera ta a watan Margali, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, baiti ɗaya kowace asuba. Akwai wani lissafi a bayan wannan wata. Littattafansu sun ce shekarar mutane yini da dare ɗaya ne a wurin alloli, yinin kuwa yana farawa da juyowar rana zuwa arewa, wanda suke biki a tsakiyar Janairu. Watan da ya gabaci wannan, ke nan, shi ne asubar alloli. Don haka ake kiran Margali Brahma muhurta na shekara.

A haikalin Tirupati ana tashin allahn wajen ƙarfe 3 na dare da waƙar Suprabatam, wadda aka tsara a ƙarni na 15. A watan Margali ana ajiye ta, a rera ta Andal a maimakonta. A Gujarat, Narsinh Mehta ya bar waƙoƙin asuba da ake kira prabatiya. A Pandarpur, ƙasar Marati, ana buɗe yini da hidimar fitila ta asuba domin Wittal. A cikin masu yi wa Wittal waƙa akwai Janabai, baiwar gida, wadda ta siffanta allahn yana taya ta niƙa, gama matan ƙauye a can da asuba suke zama gaban dutsen niƙa suna waƙa. Akwai kuma Chokamela, na ƙarni na 14, daga ajin da aka hana shiga haikali. Kabarinsa yana gindin matakalar ƙofa. Ba a buɗe wa irin mutanensa haikalin ba sai a 1947. Bakti bai rushe bambancin aji ba, amma ya ba mata da ƙasƙantattu abin faɗa da asuba a harshensu, ba tare da Weda ba.

Addinin Sikh dabam yake da Hindu, amma ya taso a ƙasar da ta san wannan al'ada. Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, ya koyar da tuna sunan Allah a lokacin da suke kira amrit wela, ƙarshen dare. Mabiyansa suna kiyaye shi har yau.

Yadda suke gane lokacin

Mutumin ƙauye yana duban taurari, da gamzaki, yana sauraron carar zakara. Fada da manyan wuraren ibada kuwa suna da agogon ruwa: ƙaramin kwanon tagulla mai 'yar huda a gindi, a ɗora shi a kan ruwa, ya cika ya nutse cikin gatika ɗaya. Duk sa'ad da ya nutse, mai tsaro ya buga ganga ko faifan ƙarfe. Yijing, ɗan addinin Buda daga Sin wanda ya zauna a makarantar Nalanda a ƙarni na 7, ya kwatanta irin wannan agogo. Al-Biruni, a littafinsa a kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya bayyana gatika da muhurta dalla-dalla. Sarki Babur ma, bayan ya ci arewacin Indiya a 1526, ya rubuta labarin masu buga faifan. Kowane gari da nasa lokaci, gama kowane gari da tasa fitowar rana.

Zuwan agogo

Mulkin Ingila ya kawo wani irin lokaci. A 1802 John Goldingham, masanin taurari a Madras, ya tsayar da lokacin wannan birni. Jirgin ƙasa na fasinja ya fara aiki a 1853 tsakanin Bombay da Tane. Da layukan dogo da wayar tangaraho suka yawaita, sai ya zama dole tashoshi su bi agogo ɗaya, suka ɗauki na Madras. A ranar 1 ga Janairu 1906 aka fara aiki da lokacin Indiya na bai ɗaya, wanda yake gaban na Greenwich da sa'a 5 da rabi. Ba kowa ya karɓa nan da nan ba. Kalkata ta riƙe nata lokaci har 1948, Bombay har 1955.

Matsalar ita ce faɗin ƙasar. Daga iyakar yamma zuwa ta gabas, bambancin fitowar rana ya kusa sa'a 2, amma agogo ɗaya ne. Makaranta, da ofis, da masaƙa, duk suka koma bin agogo. Masu koyar da addini a ƙarni na 20 suna magana ne da mutanen da agogo yake mulkin yininsu, sai suka ba su lamba.

A mazaunin Gandi na Sabarmati, wanda aka kafa a 1917, a zamaninsa ana tashi ƙarfe 4, a taru addu'a jim kaɗan bayan haka. Swami Siwananda, likita ne kafin ya zama malamin addini, ya kafa ƙungiyarsa a Rishikesh a 1936. A jerin umurnansa 20 ga almajirai, na fari shi ne a tashi ƙarfe 4, ya kuma kira wannan Brahma muhurta. Ƙungiyar Brahma Kumaris, wadda ta koma Dutsen Abu a 1950, tana zaman tunani ƙarfe 4. Ƙungiyar Hare Krishna, wadda Prabupada ya kafa a New York a 1966, tana hidimar fitila ƙarfe 4:30 a haikalinta. Faifan Suprabatam da mawaƙiya Subbulakshmi ta yi a 1963 ya kai waƙar tashin allahn cikin gidaje ta rediyo da kaset. Al'adar ta iso Afirka ta Yamma ta hannun 'yan kasuwar Indiya da waɗannan ƙungiyoyi. A Gana an kafa gidan sufayen Hindu a Odorkor, cikin Akara, a 1975, ƙarƙashin Swami Ganananda, ɗan ƙasar, wanda ya bi layin koyarwar Siwananda.

Lambar ta sauƙaƙa horo, ta kuma ba jama'a damar taruwa lokaci ɗaya. Amma ta rabu da tsohon ma'auni. A Delhi cikin Janairu, ƙarfe 4 ya riga Brahma muhurta da fiye da sa'a 1 da rabi. A gabashin Assam cikin Yuni, rana takan fito wajen 4:20, wato wanda ya tashi ƙarfe 4 lokacin ya riga ya wuce shi. Kalandun addini da ake kira panchang ba su bar tsohon lissafi ba, suna ba da lokacin gari gari, yanzu ma har a wayar hannu. Hanyoyin biyu suna tafiya tare. A zamaninmu an ƙara wani dalili kuma: ana yawan cewa iskar asuba da sinadaran jiki ne asirin lokacin. Ko me za a ce game da wannan, dalilan tsoffin littattafan dabam suke.

Abin lura ga mai hidima

Na fari, babu amsa ɗaya ga tambayar me Bahinde yake nema da asuba. Wani yana cika wajibin sandya, wani yana bin shawarar likita, wata tana tashin allahn da take ƙauna, wani yana neman natsuwa kafin aiki. Idan muna da maƙwabci ko abokin aiki mai wannan addini, gara mu tambaye shi kafin mu faɗa wa ikilisiya abin da ya gaskata. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu, haɗuwa a lokaci ba haɗuwa a bangaskiya ba ce. Musulmi suna sallar asuba, masu zabura sun yi maganar neman Allah da sassafe, Markus 1:35 kuma ya nuna Yesu ya fita addu'a tun da sauran duhu. Ƙarshen dare shiru yake a ko'ina, mutane kuwa sun gane amfaninsa a ƙasashe dabam dabam. Wannan bai isa a ce wani ya aro daga wani ba, bai kuma isa a ce duk abu ɗaya ake yi ba. Abin tambaya shi ne wa ake kira, da kuma me ake sa rai zai yi.

Na uku, wani a cikin ikilisiya zai zo ya tambaye mu wace sa'a ce addu'a ta fi ƙarfi, gama ya ji an ambaci ƙarfe 3 ko ƙarfe 4. Tarihin nan ya nuna mana cewa a Indiya ma lambar daga baya ta zo, jirgin ƙasa da ofis suka kawo bukatarta. Ya kuma nuna cewa likitansu ya keɓe marar lafiya. Mu ma, sa'ad da muke tsara addu'ar asuba, sai mu tuna da mai gadi da ma'aikaciyar asibiti da suka kwana a tsaye, da mai jego, da tsoho, kada tashin asuba ya zama ma'aunin da ake auna ruhaniyar mutane da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Idan rana za ta fito ƙarfe 6:40 a garinku, yaushe Brahma muhurta zai fara, yaushe zai ƙare?

2. Kwatanta dalilin tashi a wurin Manu, da Wagbata, da Andal. Su wane ne kowannensu ya shigar, su wane ne ya bari a waje?

3. Me al'adar ta samu, me kuma ta rasa, sa'ad da aka ɗaure ta da ƙarfe 4?

4. Yaya za ka amsa wa ɗan ikilisiya wanda ya ce addu'arsa ba ta karɓuwa domin aikinsa ba ya barinsa ya tashi da asuba?